Rigar da Aka Rataye a Gada

"A ina ka ce ka same ta, Baba?"

"A gada, 'yata. Rataye a jikin ƙarfe, daidai matakalar nan da ke sauka bakin ruwa."

Tsohon yana tsaye a bakin ƙofarmu cikin rigar aiki ruwan lemo, gishiri ya yi fari a hancin takalmansa. Cikin masu watsa gishiri a titi yake, waɗanda ke fita da sassafe a wannan ƙasa ta sanyi da muke zaune don kada ƙanƙara ta kayar da mutane. Shi ban taɓa ganinsa ba. Abin da ke hannunsa kuwa na san shi ɗinki-ɗinki. Rigar sanyin mijina ce, shuɗiya mai jan ciki, wadda na yi kwana tara a kan keken ɗinki ina haɗawa. Da ita ya fita gudu da safen nan. Ni na zuge masa zif ɗinta har wuya.

"Na duba ciki na ga ƙyalle mai lambar gida da sunan titi," in ji tsohon. "Na ce bari in kawo, kada wani ya yi gaba da ita."

Ni tela ce, a gida nake aiki. Duk abin da ya fita daga ƙarƙashin allurata sai na ɗinka masa wannan ƙyallen a wuya. Ban taɓa tsammanin wata rana shi zai jawo mini baƙo da irin wannan kaya ba.

Na karɓi rigar. Ta yi sanyi ƙalau, ta sandare, babu ko ɗigon ɗumin jikin mutum a cikinta.

"Mai ita fa?"

"Ban ga kowa ba."

"Ruwan... ruwan ya daskare?"

Ya ɗan sosa gemu. "Ya daskare dai. Sai wuri ɗaya a ƙasan gadar, akwai wani rami baƙi haka. Amma ki tsaya ki ji..."

Ban tsaya ba. Na koma ciki na danna lambar Dogo, mijin nawa. Wayar ta ɗauki kiɗa a kan firij. Kullum nan yake barinta, wai sanyi na shanye mata caji. Makulli kawai yake ɗaurewa a igiyar takalmi.

Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo daga ɗakinta da bargo a ka. "Wa ye da sassafen nan? Ke, me ya sami fuskarki?" Sai idonta ya sauka a kan rigar. Ta dafe bango. "Ina mai ita? Ke nake tambaya, ina yarona?"

Na ajiye mata rigar a hannu, na zura takalman da na fara cin karo da su, na fizgo tawa rigar daga ƙugiya. Iri ɗaya ce da tasa, da ragowar yadin na yi ta. Ina jin tsohon yana kirana a saman bene, "'Yata! 'Yata!" amma na riga na kai ƙasa.

Sanyin bara ne ya kusa raba ni da Dogo. Direban bas ne, wuni yake a zaune, ƙofa na buɗewa tana rufewa, iska na dukansa a gefe ɗaya. Ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi kwana goma sha ɗaya a asibiti, muna wata biyar da aure. Na zauna a gefen gadon ina kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar mai ɗaukar dutse, ina ƙirga numfashin. Da ya warke likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Shi kuma sai ya kamu da son gudu, so irin na mai sabuwar budurwa. Duk lokacin zafi ban ce komai ba. Da ƙanƙara ta fara sauka na ga ya fito da wata 'yar riga shara-shara, wadda in ka ɗaga ta a fitila za ka ga yatsunka ta ciki, sai na tare shi a ƙofa.

"Da wannan za ka fita? Wannan ai ledar burodi ce."

"Haka ake yin su, Allura," in ji shi. Allura yake kirana, wai don sirantata da kaifin bakina.

"Wanda ya yi ta bai taɓa zaman jinya ba."

Shi ne na zauna na yi masa riga ta gaske. Auduga shimfiɗa uku, na bi ta da ɗinki ƙanana-ƙanana don kada ta dunƙule, wuyan ya tashi har kunne. Duk soyayyar da bakina ke jin kunyar faɗa na cusa ta a tsakanin yadi da yadi. Ranar da na ba shi ya daɗe yana shafa ta, idonsa ya kawo ruwa. Tun daga nan kullum da ita yake fita, da ita yake dawowa, ni kuma hankalina ya kwanta.

Yanzu ga ni a titi, ina gudu, ni da rabona da gudu tun ina makaranta.

Numfashin farko kamar na haɗiyi reza. Iskar ta shiga hancina ta manne, haƙorana suka ɗauki zogi, hawayen da nake yi suka fara yin tauri a gashin idona. Gari bai gama wayewa ba, fitilun titi na ci, motoci na tafiya a hankali da farin rawani a kansu. A kwanar shagon magani na taka wani wuri mai sheƙi da na ɗauka ruwa ne. Kafin in ankara ƙafafuna sun yi sama, ƙuguna ya daki ƙasa. Wata mata da kare ta yi ihu, ta miƙo hannu. Ban ko gode mata ba. Na tashi na ci gaba, amma jikina ya koyi darasi da kansa: taku gajere, ƙafa a ƙarƙashin jiki, a bi inda ƙanƙarar ke da gari-gari, a guji mai ƙyalli.

A raina magana ɗaya nake maimaitawa. Ya Allah kada ya zama ramin nan. Ya Allah ka bar mini shi.

Wajen tashar bas wani abu ya fara faruwa da ban gane ba. Zafi. Ya taso daga bayana, ya hau wuya, ya cika rigar. Kafin in kai fitilar hanya ta uku gumi na bin tsakiyar bayana kamar an buɗe famfo. Audugar ta sha, ta yi nauyi, ta riƙe mini kafaɗu kamar na goya jiƙaƙƙiyar katifa. Wuyan nan da na yi alfahari da shi ya shaƙe ni. Na zuge zif, bai isa ba. A cikin sanyin da ke fasa bututun ruwa, ni ina dahuwa.

Haka na isa gadar, ina haki kamar zan amayar da zuciyata. Na kama ƙarfen na leƙa.

Ramin yana nan, baƙi ƙirin, tururi na tashi daga cikinsa. Sai wani abu ya motsa a ciki, na buɗe baki zan kurma ihu. Agwagwa ce. Biyu ma, suna iyo abinsu a inda bututun ruwan ɗumi ke zuba. Kewaye da ramin ƙanƙara ce sabuwa, lumui, ko tsuntsu bai taka ba. Matakalar ma haka. Babu wanda ya sauka.

Na juyo ina dube-dube, sai na ga sawu a hanyar da ke bin gaɓar kogi. Na durƙusa. Na san sawun nan. Dugadugin dama ya fi cinyewa ta waje, irin na mutumin da ya shekara goma yana taka totur. Ni nake goge takalman in ya dawo. Sawun ya tsaya a gindin ƙarfen, ya ɗan tattaka, sannan ya miƙe gaba da taku mai faɗi, na mai lafiya.

To amma ba riga? Mutumin da huhunsa ya taɓa cika da ruwa, yana can cikin wannan iska da ledar burodi a jikinsa? Wani sabon tsoro ya maye gurbin na farko. Na taɓa karanta cewa wanda sanyi ya gama ratsawa yakan ji kamar wuta ce ke cinsa, ya tuɓe kayansa, ya yi ta tafiya har ya kwanta. Na miƙe zan bi sawun. Taku biyar na yi rigar ta danne ni. Ban yi wani tunani ba, na tuɓe ta, na rataye a jikin ƙarfen da ya fi kusa, na zuba da gudu.

Abin da ya biyo baya har yanzu ina jin kunyarsa.

Daɗi na ji. A tunanina mijina na can sanyi ya gusar masa da hankali, ni kuma jikina ya zama kamar an cire masa duwatsu. Iskar da ɗazu ke yanka ni yanzu tana shafa gumina, tana tura ni ta baya. Ƙanƙarar na yin ƙiris-ƙiris a ƙarƙashin ƙafata, ita kaɗai ce ƙara a duniya, sai numfashina da ke fita fari yana wuce kunnena. Bishiyoyin bakin kogin sun tsaya tsirara, kowane reshe an yi masa ado da gilashi. Rana ta leƙo ta bayan gidaje, duk farin nan ya koma ja-ja kamar kuncin jariri. Ƙafafuna suka sami wani kiɗa nasu. Na ji ina raye tun daga tafin ƙafa har gashin kai, ina kuka, kuma wallahi wani ɓangare na ƙirjina yana dariya.

Bai daɗe ba. Hanyar ta haɗu da wata, sawun Dogo ya ɓace cikin na mutane ashirin da tayoyin kekuna. Na tsaya ina juyi. Tsayuwar ce kuskurena. Doguwar rigar gida ce a jikina, ta auduga, ta jiƙe sharkaf. Cikin minti biyu ta koma kamar an shafa mini ƙanƙara a fata. Na juya don in koma, iskar da ke tura ni ɗazu ta tare ni gaba da gaba. Haɓata ta fara rawa, yatsuna suka daina jin junansu.

Sai na ji ihu daga can wajen gada. Muryar namiji, a fashe, irin wadda ba ka fatan ji sau biyu.

"Allura! Allura!"

Yana tahowa da gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, dogayen ƙafafun nan kamar za su tsinke, rigata a rungume a ƙirjinsa. Ledar burodin ce a jikinsa, tururi na tashi daga kafaɗunsa, farin ƙanƙara a gemunsa da girarsa. Da ya gan ni ya ja birki har ya kusa zamewa. Muka tsaya muna kallon juna, kowa baki buɗe.

"Kina da rai," ya ce.

"Ni? Ni kake tambaya?"

"Na zagayo ta ɗaya gaɓar, na zo ɗaukar rigata, babu ita, sai taki a wurin. Ga rami a ƙasa. Me kike so in ɗauka? Na sauka matakalar nan har gwiwa, ina kiran sunanki, agwagi suna kallona!"

Na dube shi. Wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Na kai masa duka a ƙirji da hannun da ba na ji, na sake kai masa, sannan na faɗa jikinsa. Zafi ne da shi kamar murhu. Zuciyarsa na bugawa a kunnena da ƙarfi, daidai, babu wannan kukan da na saba saurara bara.

"Ke, kin jiƙe," ya ce, muryarsa ta canza. Ya yafa mini rigar ya ja zif. "Kada ki tsaya. Taka, taka, mu tafi. Wa ya ce miki ana fita da iska a baya? Gaba ake ba ta a tafiya, ta rako ka a dawowa."

"Malami. Ka gama? Ɗaukar rigarka ka ce ka zo yi."

Muna tafiya da sauri, hannunsa a kafaɗata.

"Dogo, kai ka rataye ta?"

"Ni ne."

"Yau kaɗai?"

Ya kalli kogi, ya kalli sama, ya kalli takalmansa. "Ranar farko na yi gudun duka da ita. Na dawo a jiƙe, na shiga banɗaki na kulle, na yi rabin awa ina karkarwa. Na tsorata, Allura. Na ce in na sake, asibiti zan koma. Tun daga nan a hankali nake tafiya har gada, in rataye ta, in yi guduna, in dawo in saka."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ashirin da... huɗu."

Na tsaya cak. Ya ja ni, "Taka mana." Na taka, amma kaina na juyawa. Kwana ashirin da huɗu ina zuge masa zif ina jin ni ce katangar da ke tsakaninsa da mutuwa. Kwana ashirin da huɗu yana shigowa yana cewa, "Kai, rigar nan ta yi," ni kuma ina murmushi kamar sakarya. Ashe abin da na ɗinka don in tsare shi, shi ne ya kusa mayar da shi gadon asibiti a rana ɗaya.

"Ba a taɓa ɗauke ta ba?"

"Mai gishirin layin nan ya san da ita, yana sa mini ido. Matar da ke sayar da shayi a bakin gada ma ta sani. In ƙanƙara na zuba takan shigar da ita rumfarta."

"Mai shayi ta sani."

"Ta ce ɗinkin ya yi kyau. Har ta tambayi lambarki."

"Mai shayi ta sani, mai gishiri ya sani, agwagi sun sani. Sai matarka."

"Na ga yatsunki ranar da kika gama ta," ya ce a hankali. "Duk huda. Kuma na ga yadda kika daina tsayuwa a taga kina jirana. Ta yaya zan buɗe baki?"

"Da baki, kamar kowa! Ka san abin da na gani a idona daga gida zuwa nan? Ka san sau nawa na binne ka?"

"Na sani. Yanzu na sani." Ya share hanci da bayan hannu. Muka ci gaba da tafiya. Sai na ji ƙirjinsa na girgiza. Na ɗaga kai, dariya yake dannewa.

"Me ye abin dariya?"

"Ba komai. Tambaya dai nake da ita. Wannan rigar taki, wa ya rataye ta a gada?"

Na kawar da kai wajen kogi.

"A ƙarfe ɗaya fa, Allura. Ƙarfen da nake rataye tawa. Ni na yi kwana guda kafin in gane, ke ko minti ashirin ba ki yi ba."

"Nauyi ta yi mini," na ce da ƙaramar murya.

"Auduga shimfiɗa uku."

"Rufe mini baki."

Da muka iso gadar, 'yar motar gishiri na tsaye da fitilarta mai juyawa. Inna ce ke saukowa daga ciki, bargo biyu a jikinta, rigar Dogo a hammata, tsohon yana riƙe da gwiwar hannunta. Da ta ga ɗanta ta tsaya, ta dafe ƙirji, leɓenta na motsi. Sannan ta tako ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta tabbatar shi ne, ta kama kunnensa ta murɗe.

"Ƙaton banza! Tsirara kake yawo a cikin wannan masifa? Ni za ka kashe? Na kira yayarka, na kira kawunka, yanzu haka suna can suna kuka!"

"Inna, kunnena zai karye, ya daskare!"

"Ya karye mana! Me kake ji da shi?" Ta juyo kaina. "Ke kuma, 'yar nan, haka ake yi? Ki jefa mini riga ki fice kamar an harba ki? Dubi leɓenki, ya yi shuɗi."

Tsohon ya matso yana murza hularsa. "Ku yafe ni. Abokin aikina ne mai layin nan, yau ba shi da lafiya aka turo ni. Na so in gaya miki babu sawu a wajen ramin, 'yata, amma ban taɓa ganin mai saukar bene irin naki ba. Kin taɓa shiga gasa?"

Dogo ya fashe da dariya, kunnensa a hannun Inna. Inna ta tura masa rigar. "Saka, kafin in saɓa maka."

Ya karɓa ya kalle ni. Na ga zai saka, kamar yadda ya yi kwana ashirin da huɗu yana yi, don kada ran wata ya ɓaci. Na miƙa hannu na karɓe ta. Na juya ta, na shafa layukan ɗinkin nan ƙanana, na ji nauyinta sosai a karo na farko. Bayan kafaɗarsa hanyar bakin kogi na sheƙi a rana, ga sawuna ƙanana a gefen nasa. Ƙafafuna na ciwo, ƙuguna na zogi, amma kiɗan nan bai gama fita daga jikina ba.

Na yafa masa rigar a kafaɗa. "Saka har gida, tunda ka daina gudu. Yau ce ranarta ta ƙarshe a haka."

"Me za ki yi mata?" in ji Inna.

Na ɗaga murya yadda har mai shayi za ta ji daga rumfarta.

"Farke ta zan yi, Inna, ita da tawa, in cire audugar duka. Kai kuma Dogo, ka nemo mini ledar burodi daidai ni. Daga gobe na daina jira a gida, tare za mu fita."